Ɗana yana son tafiya Azhar: da gaske kyauta ne, kuma shekara huɗu ce?

"Assalamu alaikum Malam. Ɗana ya gama sakandaren Arabiyya bana, shekararsa 18, kuma ya haddace Alƙur'ani. Ba shi da zance sai na Azhar. Wani mai harkar tura ɗalibai ya ce mini karatun kyauta ne, shekara huɗu ya gama ya dawo, ni dai in ba shi kuɗin takardu da biza da jirgi. Ni ɗan kasuwa ne, akwai rufin asiri amma ba mai yawa ba, ga ƙannensa a bayansa. Mahaifiyarsa kuma tana tsoron girman garin. Mece ce shawararka?"

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya albarkaci haddarsa, ya raya sauran 'yan'uwansa. Idan na fahimce ka, abu uku ka haɗa a tambaya ɗaya: ko karatun kyauta ne, ko shekara huɗu ta isa, da ko Alƙahira za ta bar yaro ɗan shekara 18 ya yi abin da ya kai shi. Mutumin nan bai yi maka ƙarya tsagwaronta ba, rabin magana ya faɗa maka ya haɗiye rabin. Ita kuwa Hajiya, duk cikinku ita ce ta taɓo inda gizo yake saƙar.

Ni na tafi Masar da lissafin shekara huɗu a kaina, na dawo bayan bakwai, kuma ban taɓa maimaita aji ba. A shekarun ƙarshe ina cikin masu zuwa filin jirgi tarbar sababbin ɗalibai, mu kai su masauki, mu bi musu takardu. Daga abin da na gani a lokacin zan yi maka magana.

Ina shekarun suke tafiya

Shekara huɗun da ake faɗa, ta kulliya ce, wato daga ranar da ɗalibi ya zauna a aji ɗaya na jami'a. Abin da ba a faɗa wa iyaye shi ne tazarar da ke tsakanin saukar jirgi da wannan ranar. Azhar ba jami'a ce kawai ba, tana da nata makarantun tun daga firamare har sakandare, kuma ƙofar jami'ar a buɗe take ga mai shahadar sakandaren Azhar, ko mai wata shahadar da Azhar ta yarda ta yi daidai da tata. Wannan daidaitawar ita ake ce wa mu'adala. Idan makarantar da ɗanka ya gama tana da mu'adala, hanyarsa ta gajarce ƙwarai. Idan ba ta da ita, sai a yi masa jarrabawar tantance mataki, tahdidul mustawa, a ajiye shi inda iliminsa ya kai a Ma'ahadul Bu'us, makarantar baƙin ɗalibai. Wani a sa shi a sanawi, wato babbar sakandare, wani a mayar da shi i'idadi, wato ƙaramar sakandare. Na ga mai gemu, wanda yake limanci a unguwarsu, an ajiye shi a i'idadi. Kwana uku bai ci abincin kirki ba.

Ban da wannan akwai matakin harshe. Wanda Larabcinsa bai nuna ba, sai ya bi ta cibiyar koyar da Larabci ga waɗanda ba Larabawa ba, ya hau mataki-mataki, daga mubtadi zuwa mutawassiɗ zuwa mutaƙaddim. Haddar Alƙur'ani ba ta tsallakar da mutum nan. Yaranmu da yawa suna da tilawa mai daɗi, sun san nahawu a ka, amma ka miƙa musu shafi ɗaya mara wasali ka ce su karanta su faɗi abin da suka gane, sai ido ya raina fata. Ka haɗa watannin harshe da shekarun ma'ahad da jiran fitar sunaye, za ka ga yadda huɗu take zama shida ko bakwai.

A cikin kulliyar ma akwai wata doka da ya kamata ka sani. Wanda ya faɗi darasi ɗaya ko biyu, ana ɗaga shi aji na gaba da bashinsu a wuyansa. Wanda ya faɗi uku, shekarar ce ta tafi ɗungurungum. Alƙur'ani ma darasi ne da ake jarrabawarsa kowace shekara, da baki da kuma a rubuce, nan dai ɗanka ya huta. Sakamako kuwa hawa-hawa ne, mumtaz, jayyid jiddan, jayyid, maƙbul, kuma masu ba da tallafi da masu ɗaukar digiri na biyu suna duba wannan.

Don haka tambayar farko da za ka yi wa mai harkar nan ita ce: shahadar makarantar yarona tana da mu'adala? Ka ce ya nuna maka a rubuce. In ya fara kame-kame, ka riƙe kuɗinka.

Batun kyauta

A kulliyoyin addini da harshe, irin su Usuluddin da Shari'a da Lugga, abin da baƙon ɗalibi yake biya ɗan kaɗan ne, na rajista da kati da littattafai. Nan gaskiyar mutumin take. Amma tun 1961 da aka yi wa Azhar sabuwar doka aka ƙara mata kulliyoyin zamani, likitanci da injiniyanci da haɗa magunguna, kuma waɗannan da dala baƙo yake biyansu, dubbai a shekara. Na faɗi haka ne domin yara da yawa suna tafiya da sunan Shari'a, zuciyarsu kuma tana likitanci.

Sannan kujerar aji daban, wurin kwana da abinci daban. Ɗalibai kashi biyu ne. Akwai masu minha, wato tallafin Azhar, wanda ake nema tun daga gida ta hanyar ofishin jakadancin Masar da ke Abuja. Mai minha yana samun ɗaki a Madinatul Bu'us da ke Abbasiyya, da abinci, da ɗan alawus na wata da zai ishe shi sabulu da kuɗin mota. Guraben ba su da yawa, masu nema kuma daga ƙasashe sama da ɗari suke. Sai kashi na biyu, waɗanda suka zo da kuɗin gidansu, su ne mafi yawa. Idan mai harkar nan bai ambaci minha ba, to a kashi na biyu zai sa ɗanka, kuma haya da cefane da magani da kuɗin iƙama, wato takardar izinin zama, duk a kanka suke, wata bayan wata, har ya gama.

Kai ɗan kasuwa ne, ba sai na koya maka canji ba, amma ka dubi yadda abin ya kasance. Kafin Nuwamban 2016 dala ɗaya ba ta kai fam tara na Masar a banki ba. A farkon 2022 tana wajen 15 da ɗoriya, a 2023 ta kai 30, ranar 6 ga Maris 2024 kuma aka saki fam ɗin ya gangara kusan 50. Wani zai ce ai faɗuwar fam riba ce ga mai turo kuɗi daga waje. Da dala kake samu, haka ne. Amma naira kake samu, ita kuma daga wajen 460 a farashin gwamnati kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a 2024, a daidai lokacin da kayan masarufi suke tashi a Masar. Ta gaba da ta baya aka matse iyaye. Ga kuma yaƙin Sudan da ya ɓarke a Afrilun 2023, dubban ɗaruruwan mutane suka kwararo Masar, haya ta yi tashin gwauron zabo a irin unguwannin da ɗalibai suke zama. Ka yi lissafinka da dala, na shekara shida, ka ga ko kasuwa za ta ɗauka ba tare da an cire ƙannensa daga makaranta ba.

Garin

Alƙahira da kewayenta mutum sama da miliyan 20 ne. Duk girman Kano, yaron da ya tashi a cikinta zai yi kwana biyu yana waige-waige. Yawancin baƙin ɗalibai suna zama a Madinat Nasr, musamman Hayyul Ashir da Hayyus Sabi'i da Hayyus Samin, wasu kuma a Darrasa kusa da masallacin Azhar. Samari huɗu ko shida su haɗa kuɗi su kama shaƙƙa ɗaya, wato sashen gida na haya, su raba girki da wanke-wanke. Gida ta hannun simsar ake samunsa, wato dillali, kuma ban da kuɗin wata akwai ta'amin, kuɗin ajiya da ake cewa za a mayar maka ranar tashi. A gidana na biyu, ranar da za mu tashi mai gidan ya zagaya ɗakuna da tocila a hannu da rana tsaka, ya nuna wani tsagin bango da muka tarar da shi tun ranar shigowa, ya ce ta'amin ya tafi a gyara. Ba mu da hoto, ba mu da shaida, Larabcin faɗa kuma bai zauna a bakinmu ba tukuna. Tun daga ranar duk sabon ɗalibin da na kai gida, sai na sa ya ɗauki hoton kowane lungu kafin ya shimfiɗa katifa.

Larabcin faɗa da na ce, shi ne ammiyya, harshen titi. Ranar farko da na shiga ƙaramar bas, na ce wa direba da tsantsar fusha, wato Larabcin littafi, ina son in sauka, motar duka ta fashe da dariya, wani dattijo ya ce "sadaƙallahul azim". Daga baya na koyi cewa "ala gamb ya usɗa", wato "a gefe, direba", kawai ake faɗa. Su jimun "ga" suke furta shi, ƙafun kuma su haɗiye shi ya koma hamza. Ba a titi abin ya tsaya ba, malamai da yawa sukan fara darasi da fusha, in bayani ya yi daɗi su zame zuwa ammiyya. Wata ukun farko ina fita daga lacca da rabin shafi, ina zargin kunnena. Maganinsa shi ne cuɗanya: yaro ya riƙa zuwa cefane da kansa, ya yi hira da bawwab mai gadin gida, ya yi abokai Misirawa a aji. Wanda ya kulle kansa cikin 'yan gida, ya yi shekara biyar yana Hausa safe da yamma, zai dawo da shahada amma bakinsa bai buɗe ba, kuma na san irinsu.

Ka gaya masa tun yanzu cewa zai ji yara a titi suna kiransa "ya samara" saboda launin fatarsa, wani lokaci da wasa, wani lokaci da raini. Zai kuma haɗu da tsohuwar da za ta ji shi ɗalibin Azhar ne ta hana shi biyan kuɗin burodi, ta ce ya sa ta a addu'a. Duka biyun Masar ce.

Iƙama, takardar izinin zama, ita ce abin da ba a wasa da shi. Ta ɗalibi shekara-shekara ake sabunta ta, da takardar shaida daga makaranta, a ofishin fasfo da ke Abbasiyya. Wanda ya bari ta mutu, tara tana hawa kansa, kuma duk fitar da zai yi gabansa yana faɗuwa. A 2023 gwamnatin Masar ta ce duk baƙon da yake zaune ba izini ya biya dala 1,000 ya daidaita zamansa. Wannan ne haɗarin masu shigar da yara da bizar yawon buɗe ido su ce "in ka je a gyara". Kafin sunansa ya fito a makaranta, bizar ta ƙare, shi kuma mai harkar ya daina ɗaga waya.

Sanyi ma ba irin hunturunmu ba ne. Daga Disamba zuwa Fabrairu dare yakan sauka ƙasa da digiri 10, gidajen kuma tayil ne, ba abin ɗumama ɗaki. Abin da nake so Hajiya ta ja masa kunne a kai shi ne na'urar dafa ruwan wanka mai aiki da gas. In tana cikin banɗaki aka rufe taga, iskarta tana sumar da mutum ba tare da ya ji warin komai ba, kuma duk shekara tana kisa a Masar. Ya bar taga a buɗe ko da sanyi zai kashe shi.

Abin da ya fi cinye yara

Duk waɗannan da na lissafa, yaro mai hankali yana wuce su a shekarar farko. Wanda ya fi kayar da ɗalibai shi ne sakewa. A gida ɗanka yana da malamin da zai tambaye shi harda da asuba, yana da kai, yana da uwa. A can aji ɗaya ɗaruruwa ne, in ya yi wata bai leƙa ba, ba wanda zai ƙwanƙwasa masa ƙofa. Gari ne da ba ya barci, shayi da hira da ƙwallo a gidan gahawa har ƙarfe uku na dare. Sai mutum ya mayar da dare rana, in jarrabawa ta rage sati uku ya sayi taƙaitaccen bayani ya haddace, ya samu maƙbul, ya ce ya yi Azhar.

Ga kuma kuɗi. Mutanenmu suna zuwa Alƙahira neman magani da saro kaya, daga Kano awa huɗu zuwa biyar ne a jirgi, kuma kowa yana neman tafinta. Wani abokin zamana, wanda duk cikinmu ba mai kaifin ƙwaƙwalwarsa, ya fara da raka wani dattijo asibiti saboda Allah. Dattijon ya yi masa alheri. Ya koma gida ya ba wasu lambarsa. Cikin shekara guda ya zama ba shi da lokacin kansa, yau filin jirgi, gobe wurin likita, jibi kasuwar abaya da tura kaya. Ya fi mu sutura, ya fi mu waya, mu muna cin ful da ɗa'amiyya shi yana kawo mana kaza. Ya maimaita aji biyu sau biyu, daga ƙarshe ya bari. Ba na ganin laifinsa shi kaɗai, domin abin da ake turo masa daga gida ya tsaya tun a shekara ta biyu. Iƙamar ɗalibi ba ta ba da izinin aiki ba, amma yunwa ba ta karanta doka. Uban da ya tura yaro da kuɗin jirgi kawai ya ce Allah zai buɗa, sau da yawa irin wannan buɗin ake samu.

Amma kada in ɓata maka garin, don wanda ya san abin da ya kai shi, ban san inda ya kai Alƙahira ba. Masallacin Azhar, wanda aka fara sallah a cikinsa tun 972, har yau ana zama a ruwaƙoƙinsa, wato zaurukan da ke cikinsa, ana karanta littafi daga bango zuwa bango a gaban malami, ba ko sisi, kamar dai zauren malamanmu. A lungunan bayansa akwai shagunan littattafai jere, da masallacin Shehu Dardir, mai Aƙrabul Masalik ɗin nan da ake karantawa a zaurukanmu, inda nan ma ake ba da karatu. Mai hadda irin ɗanka zai iya zama gaban malamin ƙira'a ya karɓi ijaza da isnadi. Duk ƙarshen Janairu kuma ana baje kolin littattafai na duniya, wanda aka fara tun 1969, inda muke ƙarar da kuɗin abincin wata mu koma cin burodi da shayi. Hanyar ma tsohuwa ce a wurinmu: tun wajen 1240 mutanen Kanem suka kafa makarantar Ibn Rashiƙ a can domin ɗalibansu da alhazansu, daga baya Barebari suka samu ruwaƙinsu a cikin Azhar. Rabin abin da nake koyarwa yau a waɗannan zaman na ƙasa na same shi, ba a lacca ba. Sai dai ba mai kai ka, ƙafarka ce za ta kai ka bayan asuba cikin sanyi.

Wani abu da iyaye ba sa tambaya sai yaro ya dawo ana jayayya a tsakar gida: Azhar tana koyar da fiƙihun mazhabobi huɗu, ɗanka zai iya zaɓar Malikiyya, a aƙida kuma tafarkin Ash'ariyya take bi, kuma ba ta gaba da sufanci. Ko wannan ya yi maka ko bai yi ba, gara ka sani tun yanzu.

Da zan zaɓa maka

In an samu minha, ka bar shi ya tafi, ka riƙa ɗan tura masa abin da ya sawwaƙa. In ba minha amma shahadarsa tana da mu'adala, kuma lissafin da na ce ka yi ya fita, nan ma ba laifi, da sharaɗin a samu babban ɗalibi mai hankali wanda zai zauna a hannunsa, kai ma kana magana da shi kai tsaye. In kuwa ba minha, ba mu'adala, kuɗin kuma sai an yi da ƙyar, ni ba zan tura ɗan shekara 18 ba. Ya yi digirin farko a Bayero ko Usmanu Ɗanfodiyo ko Ahmadu Bello, ko Jami'ar Musulunci ta Say a Nijar, yana neman gurbin Jami'ar Musulunci ta Madina a gefe tunda nasu tallafin cikakke ne. Alƙahira ba za ta gudu ba, in ya kai 23 ya san ciwon kansa ya je ya ɗora.

Ko wanne ka zaɓa, kada ya bar gida sai da sakamakon WAEC ko NECO ko NBAIS mai kyau a hannunsa, da Turanci da Lissafi a ciki. Ranar da ya dawo, sai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta tantance shahadarsa kafin ya yi bautar ƙasa, za a nemi sakamakon sakandare, kuma wanda ya haura shekara 30 kafin ya gama takardar yafewa ake ba shi. Na ga wanda ya dawo da jayyid jiddan daga Usuluddin ya koma yana zana jarrabawar sakandare tare da ɗalibansa.

Ƙa'idojin karɓar ɗalibai da kuɗin iƙama suna canzawa, don haka abin da ofishin jakadancin Masar ya faɗa maka bana ya fi abin da na gani a zamanina. Sannan ni gari na sani, yaron kuwa kai ka haife shi. Ka gwada shi da abu biyu kafin ka ba kowa ko kwabo. Ka kai shi wurin malamin da ba na makarantarsu ba, a ba shi shafin da bai taɓa gani ba, mara wasali, ya karanta ya yi bayani da Larabci. Sannan ku yi shawara da Hajiya, wata guda cur kada wanda ya tashe shi sallar asuba ko ya tuna masa muraja'a, ku zuba ido ku ga abin da zai yi.